Firjin New Orleans da Gawayin Seattle: Abin da Guguwa Ke Bari a Madafa

Da a ce ka bi titunan birnin New Orleans na ƙasar Amurka a watan Oktoba na shekarar 2005, abin da zai fara tare maka ido a ƙofar gidaje shi ne firji. An jawo shi waje, an naɗe shi da faffaɗan salatif zagaye-zagaye kamar wanda ake tsoron ya tsere, an ajiye shi a bakin titi yana jiran motar kwasar shara. Layi bayan layi, unguwa bayan unguwa, dubbai ne. Wasu an rubuta gargaɗi da fenti a jikinsu kada kowa ya buɗe, wasu kuwa masu su sun huce haushinsu a kansu, suka rubuta baƙar magana ga hukumomin da suka yi sanyin jiki wajen kawo ɗauki. Kafin ido ya gani ma, hanci ya riga ya ji.

Mahaukaciyar guguwar da ake kira Katrina ta afka wa jihar Louisiana ranar 29 ga Agusta na wannan shekara. Ganuwoyin da ke tare ruwa suka ɓalle, ambaliya ta shanye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin, wutar lantarki ta tafi gaba ɗaya. Yawancin waɗanda suka gudu kafin guguwar sun zaci kwana biyu ko uku za su yi su dawo, don haka suka kulle gida suka bar firji cike da nama da kifi da jatan lande, kasancewar garin na masu cin kayan teku ne. Ba su samu komawa ba sai bayan makonni, wasu ma fiye da wata guda, kuma duk tsawon lokacin garin yana cikin zafi mai gumi. Har gidajen da ruwa bai taɓa ba sai da suka yi asarar firjinsu, domin ruwan ruɓaɓɓen nama ya ratsa roba ya shige cikin jikin na'urar, inda sabulu ba ya kaiwa. Waɗanda suka yi gangancin buɗewa sun tarar da tsutsa da ɗoyin da ya kore su daga gidan. Sai da aka sa ma'aikata na musamman su kwashe abin da ke ciki, su zuƙe iskar sanyaya na'urar, kafin a kai ƙarafan wurin narkarwa.

Kana iya cewa, to mu ina ruwanmu, mu da ɗauke wuta ya zame mana abin yau da kullum? Gaskiya ne mun fi mutanen New Orleans sanin duhu. Amma sabo yana kawo sakaci, kuma iskar farkon damina da ke kayar da turakun wuta ta bar unguwa kwana biyar babu lantarki tana jefa uwargida cikin tambayoyin da suka fuskanta: me za a fara ci, me za a zubar, a ina za a hura wuta, ina za a ajiye maganin mara lafiya. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.

Dogaro da sanyi wajen adana abinci bai daɗe a duniya ba. Shekaru aru-aru mutane ko'ina da rana da gishiri da hayaƙi da mai suke tsare abincinsu, kamar yadda kakanninmu suka yi da kilishi da bandar kifi da busasshiyar kuɓewa da daddawa. A shekarar 1806 wani ɗan kasuwar Boston mai suna Frederic Tudor ya loda wa jirgin ruwa ƙanƙarar da aka sara daga tafkin da ya daskare, ya nufi tsibirin Martinique da ita, mutane suna yi masa dariya. Ya yi ta asara har ya shiga kurkuku saboda bashi, amma ya gano cewa garin katako yana hana ƙanƙara saurin narkewa. A 1833 aka kai ƙanƙararsa har Kalkata ta ƙasar Indiya, tafiyar wajen wata huɗu a teku, fiye da rabinta kuma ta isa lafiya. Daga nan gidajen Amurka suka koyi ajiye madara da nama a akwatin katako mai ɗauke da dunƙulen ƙanƙara, mai keken doki yana zagayawa yana kawo sabuwa. A 1927 kamfanin General Electric ya fito da firjin lantarki da ya karɓu a gidaje sosai, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa firji ya shiga kusan kowane gida a ƙasar. Cikin zuriya biyu aka daina koyar da yara yadda ake shanya da yadda ake banda. Abincin gida duka ya rataya a kan waya ɗaya da ke tsakanin turke da bango, iska kuwa ba ta da wahalar tsinka ta.

Saboda haka ne hukumomin lafiyar abinci na Amurka suke maimaita wasu 'yan alƙaluma duk lokacin da guguwa ta doso, kuma sun cancanci ka riƙe su a ka. Firjin da ba a buɗe ƙofarsa ba yana riƙe sanyin da zai tsare abinci na kimanin awa 4 bayan an ɗauke wuta. Firiza cikakkiya tana kaiwa awa 48, wadda take rabi kuwa awa 24, domin daskararrun kaya suna sanyaya junansu. Iyakar da ake kallo ita ce digiri 4 a ma'aunin Salshiyas. Nama da kifi da madara da dafaffen abinci, in suka wuce awa 2 a sama da wannan iyaka, ƙwayoyin cuta sun samu filin hayayyafa. In zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya ta isa. Ka auna wannan da zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, ka ga cewa mu aka fi takurawa. Mutanen gaɓar tekun kudancin Amurka, waɗanda guguwa ke ziyarta kusan kowace shekara, sun saba da wani tsari mai hikima: a fara da abin da ke firji, a bi da na firiza yayin da yake narkewa, a bar na gwangwani da busassun kaya zuwa ƙarshe. Sau da yawa a ranar farko ko ta biyu sukan fito da naman firiza duka su gasa a waje su raba wa maƙwabta, tun da in ba a ci ba bola za shi. Naman da ya fara saki amma har yanzu da ƙanƙara a jikinsa ana iya dafa shi ko a mayar da shi ya sake daskarewa. Wanda ya saki ya ɗumama, sai haƙuri.

A nan akwai wurin da nake ganin muna yaudarar kanmu. Mun gaji al'adar ɗumame, kuma al'ada ce mai amfani: miyar da aka tafasa da dare aka rufe ba a sake sa mata cokali ba, aka kuma tafasa ta da asuba, ta fi wadda aka bari haka nan aminci nesa ba kusa ba. Sai dai tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta rusa kowace irin gubar da suka riga suka zuba. Akwai ƙwayar da ake kira Bacillus cereus, wadda ke son dafaffiyar shinkafa da ta kwana cikin ɗumi, da kuma Staphylococcus aureus da ke sauka a abinci daga hannu da hancin mai girki. Dukansu biyu suna barin gubar da wuta ba ta cinyewa, ga shi ba ta da wari, ba ta sauya ɗanɗano. Shi ya sa shinshinawa da ɗanɗanawa ba shaida ba ce. Ƙaƙƙarfan saurayi zai yi amai da gudawa na yini ɗaya ya warware. Jariri, ko mai juna biyu, ko tsoho, ko mai ciwon ƙoda, ko wanda ake yi wa maganin daji, abin na iya kai shi gadon asibiti. In dole ne a ci abin da ake kokwanto a kansa, kada waɗannan su kasance cikin masu ci, ruwan gishiri da sukari kuma ya kasance a kusa.

Shekara guda da 'yan watanni bayan Katrina, wani darasin ya zo daga ɗaya kusurwar ƙasar, shi ne kuwa ya fi kusa da mu. A daren 14 ga Disamba na 2006, wata iska mai ƙarfi ta ratsa yankin Seattle a jihar Washington, ta kayar da itatuwa a kan wayoyi, gidaje da shaguna sama da miliyan ɗaya suka rasa wuta, wasu har fiye da mako, ga tsananin sanyi. Cikin 'yan kwanaki asibitocin yankin suka karɓi mutane sama da 250 da gubar iskar kabon monoksaid ta kama, aka kuma rasa rayuka. Da jami'an lafiya suka bincika, sai suka tarar da yawa daga cikinsu baƙi ne 'yan ci-rani, ciki har da mutanen Somaliya da na Biyetnam, kuma gawayi ne ya fi jawo abin. Mutanen nan ba jahilai ba ne wajen girki da gawayi, sun fi maƙwabtansu Turawa iyawa. A ƙasashensu a tsakar gida ake hura shi, ko a ɗakin da iska ke ratsawa ta ko'ina. A Seattle kuwa an gina gidaje ne yadda iska ba za ta shiga ba, don a tsare ɗumi. Suka shigo da murhun gawayi cikin falo, suka dafa abinci, suka bar garwashin ya ɗumama yara. Gargaɗin farko kuma da Turanci aka yi ta yinsa. Sai daga baya hukumar lafiyar yankin ta shiga fassara shi zuwa harsunan mutanen tana bi gida-gida.

Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, kuma garwashin da ya daina hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita. Tana manne wa jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya, sai jiki ya shaƙe alhali mutum yana numfashi. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da amai da kasala, wato daidai abin da iyali za su ɗora wa abincin da suka ci daga firjin da ya mutu, ko su ce zazzaɓin cizon sauro ne, su koma su kwanta a ɗakin da ke kashe su. In ka ga mutanen gida sun kamu da ciwon kai a lokaci guda, ga kurfoti ko kaskon wuta a ɗaki, ko janareta yana aiki a zaure ko ƙarƙashin taga, a fitar da kowa waje nan take, a nufi asibiti ko da an ji sauƙi. Janareta wurinsa fili ne, nesa da ƙofa da taga da kamar mita 6. Ruwan sama yakan sa a jawo shi cikin baranda, a nan kuwa ake yin asarar gida guda a dare ɗaya.

Saura mara lafiyan da maganinsa ke zaune a firji. Lokacin da guguwar Maria ta daki tsibirin Puerto Rico ranar 20 ga Satumba na 2017, wasu yankuna sun yi kusan wata 11 kafin wuta ta dawo. Ƙiyasin da gwamnatin tsibirin ta amince da shi daga baya ya ce mutum 2,975 suka rasu sanadin guguwar, kuma akasarinsu ba a ranar iskar suka mutu ba, a watannin da suka biyo baya ne, tsofaffi da masu daɗaɗɗen ciwo da kulawarsu ta yanke. Masu ciwon suga sun sha wahalar ajiye insulin. Abin da ya kamata ka sani shi ne, yawancin nau'o'insa suna jure zama a wajen firji har kwana 28 matuƙar zafin bai wuce digiri 30 ba. Rana da zafi mai tsanani suna rage masa ƙarfi, daskarewa kuwa tana lalata shi, don haka kada a ɗora shi kai tsaye a kan ƙanƙara. Kada kuma a daina allura don kawai firji ya mutu. A ci gaba, a yawaita gwada suga, a tuntuɓi likita ko mai harhaɗa magani.

A kan wannan muna da abin hannunmu. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga arewacin Nijeriya, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yayin da ruwan ke bushewa ta jikin tukunyar waje, yana tafiya da zafin ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Tumatir da gauta da alayyafo suna ƙara kwanaki a ciki, kwalbar insulin da aka sa a leda don kada ta jiƙe ma tana samun mafaka daga zafin rana. Sai dai sanyinta ba ya sauka zuwa digiri 4, saboda haka ba ta tsare ɗanyen nama ko madara. Ta fi aiki a busasshiyar iskar rani da bazara. A tsakiyar damina, lokacin da iska ke cike da laima, ƙarfinta yana raguwa. Naman da ke firiza ranar da turke ya faɗi, in ba a da tabbacin wuta za ta dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, a soya shi ƙayau kamar na layya tun yana da sanyinsa, a tsakar gida, a kuma aika wa maƙwabta nasu.