Zanen Ƙasa da Gidaje da Fentin Mai: Daga Dala zuwa Rijiyar Zaki

Kalmar “zane” tsohuwa ce a bakin Bahaushe. Da ita ake kiran tsagar fuska, da adon da magini ke yi a bangon zaure, har da tufar da mace ke ɗaurawa. Amma a ce mutum ya zauna gaban gona da gida ya kwaikwayi surarsu a kan ƙyalle da fentin mai, wannan baƙon abu ne, yana kuwa da tarihinsa.

Cikin watan Fabrairu 1851 Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya hau Dala ya zana birnin Kano yadda ya hango shi, da soraye da bukkoki da itatuwan dabino. Wani gwanin zane mai suna Bernatz ya gyara zanen a Jamus, aka buga shi cikin littafin tafiyar Barth a 1857. Ba da fentin mai aka yi shi ba, kuma idon baƙo ne ya gani, amma har yau masu binciken tarihi suna komawa gare shi.

Koyon sana'ar kanta a Arewa sai bayan shekara ɗari. A 1955 aka ɗauke sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan aka kai shi Zariya, inda ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Can aka koya wa ɗalibai ƙa'idodin Turai: a kwaɓa garin launi da mai, a fara da shafi mai ruwa-ruwa, sa'an nan a bi da mai kauri, domin fentin mai ba ya bushewa da wuri, abin da ke nesa kuma a ƙanƙanta shi, a dusashe launinsa. A 1958 waɗansu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya. Ra'ayinsu shi ne a karɓi kayan aikin Bature, a zana abin gida da idon ɗan gida. Abokin karatunsu Jimo Akolo ya yi suna wajen zana mahaya da makaɗan Arewa.

To, wannan ra'ayi ba inda ya fi dacewa kamar karkarar Kano, wadda Mortimore da Wilson suka bayyana cunkoson gonakinta a 1965. Ƙa'idar Turai ta saba da gida mai kusurwa, wanda launinsa ya bambanta da na fili. Nan kuwa daga ƙasar gona ake buga tubali, watau gida da gona launinsu ɗaya, sai inuwa da zanko da baƙin makuba ke raba su. Katanga ba ta miƙe sak, damina ta zaizaye kafaɗarta. Gawo yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa. Ɗalibin da bai lura da waɗannan ba, Ingila zai zana ya sa mata kuka da rumbu.

Rijiyar Zaki, a kan hanyar Gwarzo, misali ce. Dā ƙauye ce cikin gonakin gero da dawa, yanzu birni ya haɗiye ta, bulo da kwano sun maye gurbin tubali da azara. Abin da aka zana kafin haka ya zama shaida, wanda ba a zana ba kuwa ya tafi tare da tsofaffin da suka san shi. Saboda haka ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su fita da ɗalibansu zuwa ƙauyukan da suka rage, su koya musu duba kafin shafa fenti. Allah ya sa mu dace.