Kafin a Fara Rigimar React da Vue

Wani yaro da muka ɗauka aiki bana ya tare ni a bakin ƙofa: "Yallaɓai, React za mu ɗora wa sabon shafin nan ko Vue?" Na ce masa shafin na mene ne? Ya tsaya yana sosa ƙeya. Bai tambaya ba.

Mu da View Source muka koyi aikin nan. Ka shiga kafe ka sayi awa ɗaya, ka buɗe shafin da ya burge ka, ka danna, sai ga kayan cikinsa a fili kamar an feɗe akuya. Maigidan da ya koya mini, Allah ya jiƙansa, bugawa yake yi a takarda, ya zauna da jan biro yana zagaye duk inda aka yi dabara. A takardunsa na fara ganin ɗan hoton nan mai ɗigo ɗaya tak wanda ido ba ya gani, da ake cusawa cikin tebur don a ture rubutu gefe. Yau buɗe na shafin React ka gani. Sau da yawa div guda za ka tarar, fanko, sai tulin JavaScript da aka dunƙule. Me ɗan koyo zai zagaye da biro a nan?

A wancan lokacin akwai wata tsohuwar kwamfuta a lungun shagon maigidan, aikinta kawai gwaji da Internet Explorer 6. Abin da ya zauna daram a Firefox, can yake zuwa ya karkace: tazarar gefe ta ninka, bayan hoton PNG ya koma toka-toka. Ba a kai wa mai aiki kayansa sai sun bi ta lungun nan. Shi ya sa da John Resig ya fito da jQuery a 2006 muka karɓe ta hannu bibbiyu. Yanzu yara ba sa ambatonta sai da dariya, alhali ita ta ba mu barci.

Ni ma dai na yi tawa dariyar. Da Facebook ta saki React a 2013, aka ce HTML za a riƙa rubutawa a cikin JavaScript, na rantse ba za ta kai baɗi ba. Na sha kunya. AngularJS da muke ganin ta zauna da gindinta ce aka sake ginawa daga tushe a 2016, masu aiki da ita suka koma aji ɗaya. Vue kuwa Evan You ya fitar da ita a 2014, babu wani babban kamfani a bayanta, ga ta nan har yau.

Da la'asar yaron ya dawo da amsa: fom ne na rajistar ɗalibai, iyaye za su cike a waya, yawancinsu da ɗan datan da suka saya na rana. Na jawo durowa na miƙa masa wata tsohuwar Android mai fasasshen gilashi. Na ce ya zaɓi wadda ya ga dama, amma a wannan zai fara nuna mini.