Baban Awa da Zaren Asa: Tarihin Rini da Kayan Shimfiɗa a Japan

Sana'ar rini da baba, wadda Japanawa ke kira aizome, tana cikin tsofaffin sana'o'in ƙasar, kuma shaidarta mafi shahara ita ce wata igiyar alharini mai launin shuɗi da ke ajiye a taskar Shosoin ta birnin Nara, wadda aka yi amfani da ita a bikin ƙaddamar da babban gunkin Buddha na haikalin Todaiji a shekarar 752. A wancan zamani rini abu ne na fada da wuraren ibada, amma tarihin da ya biyo baya ya mayar da shuɗi launin manomi da masunci da ɗan dako, har ta kai wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan Ingila, Robert William Atkinson, da ya koyar a Tokiyo a shekarun 1870, ya laƙaba wa launin sunan ƙasar saboda yadda ya ga ya game tituna.

Tsiron da Japanawa ke samun shuni daga gare shi, wato tade-ai, ba danginsu ɗaya da baban da marinan Kano suka sani ba, ko da yake sinadarin da ke cikin ganyayensu guda ne. Cibiyar nomansa ita ce lardin Awa, wanda a yau ake kira Tokushima, a tsibirin Shikoku, kuma dalilin haka yana ga kogin Yoshino. A da kogin yakan yi ambaliya a lokacin guguwar ƙarshen damina, ya lalata shinkafar da ba ta kai girbi ba, alhali baba an riga an yanke shi tun kafin ruwan ya iso, sannan laka mai albarka da ambaliyar ke bari tana sabunta ƙasar da wannan tsiro ke saurin gajiyarwa. Gidan sarautar Hachisuka, wanda ya karɓi mulkin Awa a 1585, ya fahimci wannan dama, ya ƙarfafa noman, daga baya kuma ya matsa wa cinikin da haraji da dokoki har manoma suka shirya bore a 1756, aka kama jagororinsu aka kashe. Dukiyar ta taru a hannun fatake, kuma manyan gidajensu na nan tsaye a garin Wakimachi.

Abin da Awa ya fi shahara da shi shi ne sukumo, wato ganyen baba da aka busar sannan aka ruɓar da shi da gangan. Masu wannan aiki, waɗanda ake kira aishi, sukan tara busasshen ganyen a wani ɗaki mai daɓen ƙasa tun daga watan Satumba, suna yayyafa masa ruwa suna juya shi kusan kowane mako har kimanin kwana 100, yayin da tulin ke ɗaukar zafi yana fitar da wari mai hawa kai, har ya koma baƙi kamar taki. Daga nan sai ya wuce hannun marini, wanda ke zuba shi a manyan randunan da aka binne a ƙasa, ya haɗa da ruwan toka da dusar alkama da farar ƙasar da aka samu daga ƙona bawon kifin teku. Hikimar ita ce shuni ba ya narkewa a ruwa sai ƙwayoyin halitta da ke cikin randar sun sauya shi, saboda haka zane yakan fito da launin kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi, kuma duhun launin yana ga yawan tsomawa. Duk wanda ya san yadda ake haɗa baba da toka a karofin Ƙofar Mata ta Kano zai gane wannan aiki nan take.

Dangantakar baba da kayan shimfiɗa ta samo asali ne daga halin zare. Kafin auduga ta yaɗu a zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868, talakawa sun dogara ne ga asa, sunan da ya haɗa zarurrukan da ake ɓarewa daga jikin tsiro, musamman taima, wadda ita ce itacen wiwi da ake nomawa domin zarensa, da kuma karamushi. Irin waɗannan zarurruka ba sa karɓar yawancin launuka da sauƙi, amma baba yana kama su, yana kuma ɓoye dauɗa. Saƙarsu aikin mata ne na lokacin hunturu, domin ana tsaga zaren da farce ne a murɗa shi sili bayan sili, kuma mafi ingancin yadinsu, wato Echigo-jofu da Ojiya-chijimi na yankin Niigata, waɗanda ake shanyawa a kan dusar ƙanƙara domin su yi fari, sun shiga jerin kayan gadon al'ada na UNESCO a 2009. Yankin Omi, a gefen tafkin Biwa, ya shahara da gidan sauro na asa da kuma yadi mai ɗan tamoji wanda ba ya manne wa jiki, abin da ya sa ya dace da shimfiɗar lokacin zafi mai gumi.

A kayan barci ne bambancin mai hali da matalauci ya fi fitowa fili. Iyalan da ke da wadata sukan kai yadi wurin marini a yi wa 'yarsu rigar katifa irin ta tsutsugaki, inda ake zana tsuntsaye da kunkuru da itatuwan fatan alheri da kullun shinkafa, a tsoma a baba, a wanke kullun, zanen ya fito fari a kan shuɗi; wannan yana cikin kayan ɗakin amarya, tare da yogi, bargo mai hannuwa da aka ɗinka da siffar babbar riga. A arewa kuwa, kamar yankin Aomori, inda sanyi ya hana auduga tsirowa, mata sukan cusa tarkacen asa cikin bargo, su yi ta ɗora faci a kan faci da tsummokaran da jiragen fatauci na kitamaebune ke kawowa daga kudu. Waɗannan tsummokara, da ake kira boro, a yau gidajen tarihi da masu tara kayan ƙawa ke rububinsu, ko da yake waɗanda suka kwana a cikinsu abin kunya suka ɗauke su.

Noman baba a Tokushima ya kai ƙololuwa a 1903, da kimanin hekta 15,000, sannan ya faɗi warwas, saboda shuni mai araha daga Indiya da kuma na sinadari da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an tilasta wa manoma komawa ga noman abinci, kuma dokar 1948 ta taƙaita noman taima ga masu lasisi kaɗai.

Zanen gadon lilin da ake rinawa da baba a yau ana tallata shi da sunan gargajiya, amma gargajiyar rabi ce, domin tsiron lilin baƙo ne da aka fara nomawa sosai a tsibirin Hokkaido a ƙarshen ƙarni na 19, kuma mafi yawan zaren da masaƙa ke amfani da shi yanzu daga waje ake shigo da shi. Tsohon abin da ke cikinsa shi ne rinin, shi kuwa ya rataya ne a wuyan gidajen aishi na Tokushima da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, waɗanda marinan ƙasar ke jiran sukumonsu kowane hunturu.