Kasuwannin Kifi na Nguru da Gashuwa

Nguru da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe, suna cikin sanannun cibiyoyin cinikin kifi a Arewa maso Gabas. Kifin yana fitowa ne daga dausayin Haɗeja da Nguru, inda kogunan Haɗeja da Jama'are suke malala kafin su zama Kogin Yobe, wanda ya bi ta Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi.

Sammako ya fi dacewa ga mai ziyara, domin da safe ne masunta suke sauke tarwaɗa da karfasa da bargi daga kwale-kwale. Abin da bai shiga ɗanye ba akan yi bandarsa, fatake su ɗaure a kwali zuwa Kano da kudancin ƙasar. A gefen kasuwa kuwa, ga soyayyen kifi da yaji, ga masa da ƙosai.

Wannan arziki ya dogara ne ga malalar ruwan damina, inda kifi yake hayayyafa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage malalar, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar take karewa.