Tsimi Ne ko Ruɓa? Neman Sunan Ruwan Sigarin Lantarki

A ƙasar Haɗeja, in aka miƙo wa mutum ƙoƙo aka ce masa "ga tsimi", da wuya ya tambaya ko an wanke tulun da aka yi shi a ciki. Sunan kaɗai ya riga ya kwantar masa da hankali. Tsimi abu ne da aka zuba wa ruwa aka rufe, aka bar kwanaki su yi aikinsu: sassaƙen marke ko na maɗaci, saiwoyin da mafarauta da 'yan dambe ke sha, haɗin da iyaye mata ke tanadar wa amarya. In ya kai, sai a ce ya tsimu. Har mutum akan ce ya tsimu, in kiɗan gidansu ya ratsa shi ya kasa zama. Ko ta ina aka juya kalmar, ƙarfi take nufi, ƙarfin da ya zo bayan an jira.

Jiƙo ƙanen tsimi ne, bai cika kwana da yawa ba. Tsamiyar da aka jiƙa da hantsi ta shiga kunu kafin magariba. Sai tsami, wanda ake nema da gangan a ƙullun koko da kindirmo. A can ƙarshen layi kuma akwai ruɓa, wadda ba mai so. Abin lura shi ne, tsakanin tsami da ruɓa sau da yawa ma'aikatan iri ɗaya ne, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani. Mai daddawa ta fi kowa sanin wannan. Ta dafa kalwa, ta wanke, ta rufe ta kwana biyu ko uku a ɗumi, ranar buɗewa ta kai hanci: ko ta ce "ta yi", ko ta ce "ta ɓaci". Alƙalanta hanci ne da harshe, kuma ba su cika yi mata ƙarya ba.

Abin da ya sa na tono waɗannan kalmomi shi ne wani baƙo da har yanzu ba mu raɗa masa suna ɗaya ba. Wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙera irinsa na zamani a 2003. Na yau ɗan bututu ne mai batir, da waya mai zafi a ciki, tana mayar da wani ruwa tururi ana zuƙa. Gidajen rediyo kan ce sigarin lantarki. Samarin birni da yawa shisha suke ce masa, don ƙamshin ya yi kama, ko da yake babu gawayi babu tukunya. Abin da ya shiga hannun samarin Kano kuwa, ba ya daɗewa bai hau motar Haɗeja ba, daga nan sai Kirikasamma da Madaci da Baturiya.

Ruwan da ake ɗura masa haɗi ne na gilisarin, da wani sinadari mai suna furofilin gilaikol, da kayan ƙamshi, kuma galibi da nikotin, sinadarin nan da ke kama mashayin taba ya hana shi bari. A Turai da Amurka akwai masu haɗa nasu a gida don sauƙin kuɗi. Sukan zuba a kwalba su ajiye a duhu mako biyu, ko wata guda, suna girgizawa, wani lokaci su buɗe murfin wai ya sha iska, wasu har su tsoma kwalbar a ruwan ɗumi don abin ya yi sauri. Kalmar da suke kiran wannan aiki da ita, ita ce wadda suke faɗa in sun jiƙa ganyen shayi. Duk mai fassarar da aka ba ita zai ce tsimi, kuma ba za a ce ya yi kuskuren harshe ba. Ni dai ina tsoron wannan fassara, don za ta ara wa abin amanar da bai ci ba.

A cikin kwalbar ba irin aikin daddawa ke gudana ba. Ƙamshin ne ke gaurayuwa, nikotin kuma yana haɗuwa da iska, zafi da haske suna ƙara masa sauri, har ruwan ya rine ya koma kalar shayi. Wannan rinewar da mai kwalba ke murna da ita, alama ce ta sinadarin yana sauya kama. Gaskiya ne gilisarin da abokinsa ba wurin jin daɗin ƙwayoyin cuta ba ne, amma gilisarin mayen danshi ne, yana janyo laima daga iska duk lokacin da aka buɗe. Ga kwalbar da aka taɓa zuba wani abu, ga yatsa a bakin murfi, ga wanda zai tsinka haɗin da ruwan randa, ga mai jefa ɓawon lemo ko ganye don ƙarin ƙamshi. Ko kayan kamfani ba su tsira ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Harvard sun gwada kayan sigarin lantarki 75 da ake sayarwa a Amurka, suka tarar da gubar jikin bakteriya a 17, da ɓurɓushin dangin hunhuna a 61. Ƙwayar cuta tana iya mutuwa ta bar ragowar jikinta, kuma ragowar nan tana tayar da kumburi a hanyoyin numfashi.

A nan ne wata kalma tamu take ruɗa mu, kalmar "sha". Muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan taba, muna shan iska. Baki ɗaya ne, amma hanya biyu ce. Abin da ya bi maƙogwaro zuwa ciki zai tarar da ruwan tsami mai kashe ƙwayoyi da yawa, in kuma abin ya fi ƙarfi cikin yana da amai. Huhu ba shi da wannan gata, kariyarsa ta dabam ce, kamar tari da majina. Duk hikimar tsimi da kakanninmu suka bar mana, ta abin da za a haɗiye ce. A 2019 zuwa farkon 2020, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar da ciwon huhu bayan zuƙar irin wannan tururi, 68 suka rasu. Babban abin da aka kama da laifi wani nau'in man bitamin E ne da ake cakuɗawa a ruwan wiwi na bayan fage. Mai ne da ake sawa a man shafawa da ƙwayoyin ƙarin lafiya ba tare da an ji komai ba, amma da ya shiga huhu sai ya zama ajali.

Sai tsarki da tsabta, waɗanda mukan haɗa a baki kamar abu ɗaya. Tun a makarantar allo da zauren malam aka koya mana cewa ruwa na nan da tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai sauya ba. Wannan hukuncin ibada ne, kuma yana nan daram a muhallinsa. Tsabtar da likita ke nufi wata aba ce dabam: ruwa yana iya zama garau, ya halatta a yi alwala da shi, alhali yana ɗauke da abin da zai kwantar da gida guda. Mutanen fadama ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Sun ga yadda ruwan ambaliyar 2022 ya haɗe rijiya da masai, sun san yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa har ya kwanta ya daina gudu. Sun san rima, wannan sanyin da ke tasowa daga daɓen ɗaki da damina ya kama ƙasan buhu, sun san hunhunar da ke fitowa fari-fari a jikin bandar kifi in ba ta bushe sosai ba. Ɗakin da rima ke ci, da zafin bazarar da ke wuce digiri 40 a ƙarƙashin rufin kwano, nan ne za a ce a ajiye kwalba wata guda, ana buɗewa ana rufewa.

Mu ma muna da tsohon misali a gida, ba sai mun je Amurka ba. Dattijon da ke shan taba gari ya san sai da kanwa take "tashi". Yana buɗe battarsa, ya ɗebo da yatsu biyu, ya tura tsakanin leɓe da dasashi. Gaskiyarsa ce: kanwa na sakin nikotin ya ratsa fatar baki da sauri. Abin da bai gani ba shi ne, lokacin da ganyen ke jibge yana gumi, da lokacin da garin ke ajiye da laima a zafi, bakteriya na taimakawa wajen haifar da sinadaran da ke jawo ciwon daji. A Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa ke da yawa, akwai tumbak, taba ce da ake bari ta tsimu sannan a kwaɓa da irin kanwarsu. An auna ta an samu waɗannan sinadarai a cikinta fiye da kusan kowace taba a duniya, kuma likitocin can sun daɗe suna danganta ta da dajin baki. Wanda ya ce tabarsa ta tsimu bai yi ƙarya ba, ta ƙara ƙarfi, sai dai dafinta ma ya ƙaru tare da ƙarfin.

Saboda haka in an tambaye ni, ba zan kira ajiyar nan tsimi ba, kuma ba zan kira ruwan turare ko "ƙamshi" ba, kamar yadda masu sayarwa za su so. Ruwan nikotin zan ce, ko ruwan taba ga wanda kalmar nikotin ta yi wa nauyi. Dalilina na asibiti ne. Ruwan nan yana ƙamshin mangwaro da alewa, yana zaune a 'yar kwalba mai kama da ta maganin ido, kuma ɗan kaɗan daga mai ƙarfinsa ya isa ya halaka yaro. A Disambar 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya rasu a jihar New York bayan ya sha irinsa. In uwa ta ruga da ɗanta asibitin Kirikasamma yana amai yana dalalar da miyau, ta ce "turaren yayansa ya sha", ma'aikacin lafiya zai nufi wata hanya. In ta ce "ruwan taba ne", ya san guba yake fuskanta, zai duba numfashi da bugun zuciya nan take, ya kuma san ko lokacin tura su babban asibitin Haɗeja ya yi.