Tawa, Zangon Masu Tseren Hamada

Wanda duk ya san Tawa daga taswirar tseren motocin Paris-Dakar, sunan zango ya sani, bai san gari ba. Ga Turawan nan Tawa wuri ne da ake shan mai a kwana tsakanin Agadas da Yamai. To ai kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma gidan da baƙo ya kwana a cikinsa sau ɗaya ba shi zai ba da tarihinsa ba.

Dattawa sun ce garin daga ƙauyuka biyu na Azna ya tashi, Bilbis da Fakawa. Har yau in ka zauna da mutumin Bilbis zai rantse maka kakanninsa suka fara saran daji, na Fakawa kuma ya ce ƙarya ce, su aka tarar a bakin rijiya. Ni dai na fi karkata ga Bilbis, kuma ba na ɓoyewa. Sauran unguwanni, Wadata da Sabon Gari da makamantansu, jiya-jiya suka zo, ba sai mun tsaya a kansu ba. Abin da babu gardama a kai shi ne sarautar Adar, ƙasar da Tawa take ciki, reshen gidan Sarkin Abzin ce. Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, shi ya ci ƙasar wajajen 1674, zuriyarsa kuma ita ke riƙe da Illela. Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya bi diddigin wannan a littafinsa na tarihin Adar. Ayarin gishiri da dabino sun daɗe suna sauka nan kafin Faransawa su kafa barikinsu a farkon ƙarni na 20.

Wannan zumunci da Abzin ne ya sa nake cewa muna da haƙƙin tuna Mano Dayak, ko da yake ba ɗan Tawa ba ne. An haife shi a 1949 a kwarin Tidene, arewa da Agadas, cikin Abzinawa makiyaya. Ya yi karatu har Amurka da Faransa, ya dawo ya kafa kamfanin yawon buɗe ido na Temet a Agadas. Da Thierry Sabine ya ƙirƙiro tseren, wanda karonsa na farko ya isa Dakar a Janairun 1979, Mano ya zama amininsa kuma idonsa a hamadar Tenere. Bai tsaya ga nuna hanya ba, shi ma ya riƙe sitiyari ya shiga gasar. Bai ci kofi ba. Kofi na masu kamfani ne irin su Peugeot, da suka zo da makanikai da jiragen kaya, direbansu Ari Vatanen ya lashe musu a 1989 da 1990, shekarun da ayarin ya yada zango a Tawa. Abin da Mano ya fi su shi ne sanin rairayi: inda zai ɗauki mota da inda zai haɗiye ta, da lokacin da ake sace iskar taya. Wannan ilimin raƙumi ne aka mayar wa ƙarfe.

Sabine ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ran 14 ga Janairun 1986. Abin da ya raba Mano da mota kuwa a jiharmu ya auku. A watan Mayun 1990 aka yi ta'asar Cintabaradan, sojoji suka kashe Abzinawa fararen hula, arewacin ƙasa ya kama da wuta. Direba ya zama jagoran tawaye, ya rubuta littafi a 1992 don duniya ta ji. Wasu a nan har yau ba su yafe masa ba, kuma suna da hujjarsu, don tawayen ya ci 'yan kasuwa da direbobin da ba su ci ba ba su sha ba. An sa hannu kan sulhu ran 24 ga Afrilun 1995. Ran 15 ga Disamban wannan shekara jirgin da ya ɗauko shi zuwa tattaunawa ya faɗi a duwatsun Abzin, ya rasu. Filin jirgin Agadas sunansa yake ɗauke da shi.

Tseren ya bar Afirka bayan da aka soke na 2008, yanzu a Saudiyya ake yi. Mu abin da ya rage mana hanyar Tawa zuwa Arlit ce, wadda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 don jigilar yuraniyom. Arzikin ƙasa ya bi ta kanta shekara arba'in, ita kuwa aka bar ta ta mutu. Bayan Abalak akwai wuraren da direba ke sauka daga kwalta ya bi daji don ya tsira da motarsa. Waɗannan direbobin na tasha, masu kai mai naƙuda daga Tasara ko Tiliya cikin dare, babu mai ɗaukar hotonsu.

Mahukunta a Yamai da 'yan Adar masu hali, a gama gyaran hanyar nan tun daga Tabalak har Agadas.