Yaron Ayari: Yadda Fataucin Goro Ya Raini 'Yan Kasuwa

Duk inda aka tara matasa ana yi musu huɗuba kan neman na kai, da wuya a tashi ba a ambaci Alhassan Ɗantata ba: maraya ne, ya fara da tara 'yan kuɗi a asusu, ya rasu a 1955 ana lissafa shi a sahun gaba na attajiran Afirka ta Yamma. Labarin gaskiya ne, amma yadda ake ba da shi yana sa saurayi ya ɗauka cewa zuciya kaɗai ke yin ɗan kasuwa, wanda bai samu ba kuwa mataccen zuciya ne. Tarihin fatauci bai goyi bayan wannan fahimta ba. Abin da ya nuna shi ne, ƙasar Hausa ta yi ɗaruruwan shekaru tana da tsari na ɗaukar yaro wanda ba shi da ko anini, a koya masa ciniki a kan aiki, a ba shi kaya bashi, a tsaya masa a garin da ba shi da kowa. Kuzarin neman da ake yaba wa magabata a cikin wannan tsari ya tsiro.

Hanyar Gwanja, wadda fataken goro ke bi, tsohuwa ce. Tarihin Kano ya danganta buɗe ta da ƙarni na 15, ƙarnin da Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi. Zuwa ƙarni na 19 cinikin goro ya koma hannun wasu zuriyoyi da suka shahara da shi: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari kan tashi da rani, ɗauke da kanwa, turkuɗi, jemammiyar fata da busasshiyar albasa, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya yi watanni kafin ya sauka Salaga a arewacin Ghana ta yau. Madugu ke jan ragama, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito. Jagaba na gaba yana duba hanya da mashaya. Uban dawaki na tsare baya. Malamin ayari na riƙe da lissafi da zaɓen ranar tashi. A ƙarƙashinsu kuma ga tarin samari masu kora jakuna, kuma a nan makarantar take. Goro ba ya yafe sakaci. Dole a kwance huhu lokaci lokaci, a tsince wanda sankara ta kama kafin ta harbi sauran, a sake ganye, a yayyafa ruwa daidai gwargwado, a ɗaure. Yaron da ya yi wannan aiki daga Salaga har Kano ya san ƙwarya nawa ke cikin kaya, ya san ɗaushe daga sabon goro da ido kawai, ya ga yadda maigidansa ke yin shiru idan dillali ya yi tayin wulaƙanci. Bayan tafiya biyu ko uku akan bar shi ya saka ɗan kayansa a gefen na maigida, ribar tasa ce. Idan ya nuna riƙon amana sai a ba shi jari, sau da yawa har a yi masa aure, ya zama mai jakunan kansa.

Sashen tsarin da aka fi mantawa da shi shi ne na masauki. A kowane zango akwai fatoma, maigidan da ke saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya a matsayin jingina idan an yi ciniki bashi. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, ya tarar da wannan al'ada tana nan da ranta a cinikin shanu da goro: dukiya mai yawa tana sauya hannu ba takarda, domin wanda ya ci amana a zango ɗaya labarinsa zai riga shi isa na gaba. Ma'anar wannan ga saurayi mai tasowa babba ce. Ba ya bukatar gida ko gona kafin a yarda da shi. Sunan maigidansa ne takardar filinsa.

Idan aka sake karanta rayuwar Ɗantata da wannan ido, sai ta fito daban. An haife shi a Bebeji a 1877 cikin Agalawa, mahaifinsa bafatake ne, mahaifiyarsa ma 'yar kasuwa ce da ta koma Accra da zama. Maraici ya same shi, basasar Kano ta 1893 ta rutsa da shi, amma hanyar Gwanja da mutanenta gadonsa ne. Gwanintarsa ta kansa ita ce saurin gane sauyi. Lokacin da yaƙin basasar 1892 ya riga ya karya Salaga, ya shiga sahun masu ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa suka rasa yadda za su isa ƙauyuka, shi kuwa yana da abin da ba su da shi: yara amintattu da za a danƙa wa kuɗi tun kafin kaka su shiga karkara su dawo da buhuna. Raƙuma 20 na kuɗin azurfa da ya kai banki a Kano a 1929 ribar wannan sarƙa ta yarda ce. Ko tattaɓa-kunnensa Aliko Dangote, da rancen jari daga dangin mahaifiyarsa ya fara a 1977.

Mai suka zai ce wannan ai shi ne aibin tsarin: ƙofa ce da ke buɗewa ga ɗan gida kawai, kuma an gina wani ɓangarenta a kan bauta. Maganar na da nauyi, ba a kuma share ta da kirari. Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro, da yawa daga masu ɗaukar kaya ba da son ransu suke tafe ba, kuma akwai yaran da suka tsufa a gidan maigida ba a taɓa yaye su ba. Sai dai binciken Paul Lovejoy kan fataken goro ya nuna cewa Agalawa da Tokarawa su kansu asalinsu talakawan Buzaye ne da barorinsu, waɗanda suka gangaro ƙasar Kano ba su da sarauta ba su da gata, fatauci ya ɗaga su. Tsarin da ya mai da irin waɗannan baƙi manyan attajirai cikin 'yan tsararraki ba za a kira shi rufaffe ba, ko da bai yi wa kowa adalci ba.

Suka ta biyu ita ce zamani ya wuce jaki da huhu, yau ilimin boko da banki ake bukata. Babu mai musun amfanin lissafi a rubuce, ballantana a ce a cire yaro daga aji a ɗora masa talla. Amma a duba abin da shirye-shiryen zamani ke bayarwa. Jami'o'in Najeriya sun wajabta darasin koyon kasuwanci, gwamnati ta fito da shirin tallafi na YouWin a 2011, ana kuma yawan yin bita ta kwana kaɗan a raba keken ɗinki. Galibinsu na ba da wani abu ne daga cikin ukun da ayari ke haɗawa: ko koyarwa, ko jari, amma da wuya a samu mai tsaya wa yaro na shekaru, wanda asarar yaron asararsa ce. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ji an sayar da kayan tallafi washegari, alhali a Kantin Kwari da Singa da Dawanau, inda tsohon tsarin ya sauya riga kawai, har yanzu yaron shago na karɓar dilar atamfa ko tirelar hatsi a kan magana, ya biya bayan ya sayar. Banki na tambayar takardar mallakar fili, wadda ɗan shekara ashirin ba shi da ita. Maigidan Kwari yana tambayar wa ya san shi, shekara nawa ya yi a gindin wane. Hukumar da ke son samari su kama kasuwanci za ta fi cin riba idan ta bi ta hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ta ƙara wa iyayen gida jarin da za su yaye yaransu da shi, ta kuma sa a rubuta wa'adin yaye da haƙƙin yaro tun ranar da aka kawo shi, domin rashin wannan wa'adi ne babban gibin da tsohon tsarin ya bari.